Ku Tambayi Anti: Zuciya da Yadda Ake Riƙe Ta

Wasiƙun wannan wata kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu, wato fushi, damuwa da riƙon zuciya. Na zaɓi huɗu. Na ɓoye sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage tsawon wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, ina sana'ar ɗinki a gida. Matsalata zuciya. Babban ɗana shekararsa bakwai, akwai shi da ƙiriniya, kuma da zarar ya yi ɓarna sai in ji kamar an hura min wuta a ƙirji, ba na sanin lokacin da hannuna yake sauka a jikinsa. Satin da ya wuce ya kifar min da man keke a kan atamfar mutane, na dake shi da silifas har bayansa ya tashi. Da dare ina shafa masa magani ina kuka. Na sha ɗaukar alkawarin ba zan sake ba, na sha yin istigfari, amma kwana biyu sai in koma gidan jiya. Mahaifiyata ta ce gado na yi, haka babana yake. Don Allah Anti, mai irin zuciyata yana canzawa kuwa?
Maman yara uku, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Yana canzawa. Na fara da wannan ne saboda na ga maganar gadon nan ta fi komai karya miki gwiwa. Gaskiya ne mutane ba ɗaya suke zuwa duniya ba, wani yaron tun yana goye ake gane mai saurin hawa ne. Amma abin da mutum yake yi da hannunsa da bakinsa idan ransa ya ɓaci, koyonsa ya yi, kuma ana iya koyon wani abu a madadinsa ko an girma.

A Monrobiya, babban birnin Laberiya, 'yan shekaru bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 2003, wata ƙungiyar 'yan ƙasar mai suna NEPI ta haɗa kai da masu bincike, cikinsu har da Christopher Blattman, suka tattaro maza 999 daga cikin waɗanda unguwa take shakka: masu sata, masu sayar da ƙwaya, da yawansu tsofaffin mayaƙa. Aka raba su da ƙuri'a. Wasu aka ba su horo na mako takwas, wasu aka ba su dala 200, wasu aka haɗa musu biyun, wasu ba a ba su komai ba. Horon ba wani abin al'ajabi ba ne. A zauna cikin rukuni, a koyi gane fushi tun yana tasowa, a koyi jan numfashi da barin wurin, a gwada yadda za a amsa wa wanda ya zage ka, a tsara abin da za a yi gobe. Bayan shekara goma aka sake nemo su, aka tarar waɗanda suka samu horon tare da kuɗin, sata da sayar da ƙwaya sun ragu a cikinsu da kusan rabi idan aka gwada su da waɗanda ba a ba komai ba. Kuɗin kaɗai bai yi tasiri mai ɗorewa ba. Idan irin waɗannan mazan sun sauya, ke da kike kwana kuka a kan bayan ɗanki ba ki yi nisan da ba za ki ji kira ba.

Inda na ja layi a wasiƙarki shi ne inda kika ce ba kya sanin lokacin da hannunki yake sauka. A nan aikin yake. Alkawarin da kike ɗauka da dare na gaskiya ne, sai dai kina ɗaukarsa ne zuciya a kwance, ranar da ake buƙatarsa kuwa kafin ki tuna da shi an riga an gama. Saboda haka ƙara ƙarfin alkawari ba zai fitar da ke ba. Abin da kike buƙata shi ne ki riƙa farga da wuri.

Jiki ne yake fara sanin fushi kafin hankali. Sinadarin adirenalin yana kwarara cikin jini, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce, fuska ta ɗauki zafi, haƙora su cije. A hadisin Sulaimanu ɗan Surad da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mutum biyu suna zage-zage a gaban Annabi (SAW), fuskar ɗayan ta yi ja, a lokacin ne Annabi ya ce ya san kalmar da in mutumin ya faɗa abin da yake ji zai tafi, wato neman tsari daga Shaiɗan. Alamar tana nan a fili, na gefe yana gani, mai fushin ne kaɗai bai gani ba. Ke taki alamar kin faɗe ta da kanki: wuta a ƙirji.

Ga abin da nake so ki fara. Bayan sallar Asuba, kafin ki tashi daga kan sallaya, ki ƙara minti biyar a zaune. Ki sa hankalinki a kan numfashinki, shigarsa da fitarsa, ba tare da kin tilasta shi ba. Ba za ki yi numfashi uku ba hankalin zai gudu, ya tafi wajen cefane, ko ɗinkin bikin da ba ki gama ba. Idan kika farga ya gudu, ki dawo da shi a hankali, ban da faɗa da kai. Mutane da yawa suna dainawa a nan, su ce ba su iya ba tunda tunani ya ƙi tsayawa. Alhali wannan fargawar da dawowar ita ce horon gaba ɗayansa, ita kike son ta zame miki jiki, domin ita ce za ta zo miki ranar da mai ya sake zubewa. Da rana kuma, duk lokacin da kika tsaya canza zare a keke, ki tambayi kanki me kike ji a jiki yanzu. Kafaɗa ta ɗaure? Yunwa ce? Gajiya? Ki kira abin da sunansa a zuci: raina ya fara ɓaci. A 2007 Matthew Lieberman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da tsoro yana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Idan suka sa wa abin da suke gani suna, amigdala, sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari, sai ya lafa, wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki kuma ya ƙara aiki.

Na biyu, ki yanke tun yanzu abin da za ki yi, kada ki bari sai wutar ta kama. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nazarin bambancin mai cewa "zan gyara halina" da mai cewa "idan kaza ya faru, zan yi kaza", kuma a 2006 da aka tattara bincike 94 an ga na biyun ya fi cika niyyarsa nesa ba kusa ba. Taki ta zama guda ɗaya, gajeriya: idan na ji wuta a ƙirji, zan ajiye abin da ke hannuna in zauna a ƙasa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Zarri cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Kina zaune, ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, domin bugun zuciya yana raguwa ne lokacin fitar numfashi. Ki gwada wannan sau da yawa ranar da lafiya lau kike, har jikinki ya haddace. Sannan ki kafa wa kanki doka: ba hukunci sai bayan sallar da ke tafe. An hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, to ina ga uwa, wadda ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, ita ce kuma mai zartarwa?

Ki duba barcinki ma. Na san yadda teloli suke kwana a kan keke idan biki ko Sallah ta matso. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 2007, mutanen da aka hana barci dare guda, ƙararrawar nan ta ƙwaƙwalwarsu ta fi ta waɗanda suka yi barci motsawa da sama da kashi 60 cikin ɗari idan aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. A shekarun da na yi ina aikin ba da shawara a makarantar kwana ta 'yan mata, faɗan ɗakin kwana a makon jarrabawa yake yawaita, lokacin da yara suke raba dare suna karatu. Ki rage karɓar aikin da ya fi ƙarfin kwanakinki. Man keke da almakashi da kayan mutane kuma su koma saman durowa. Ɗan shekara bakwai ba zai daina taɓa abin da hannunsa ke kaiwa ba.

Saura shi yaron. Ba na goyon bayan dukan da ke tayar da fata, kuma na san ke ma ba kya so, shi ya sa kika rubuto. Riƙon zuciya da kike nema wa kanki shi ma yanzu yake koyonsa, a wurinki kuma yake kallo. Akwai sanannen gwajin nan na Walter Mischel a Jami'ar Stanford, wanda ya fara tun ƙarshen shekarun 1960: a ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce in ya jira za a ƙara masa ta biyu. Yaran da suka jira ba zuba wa alewar ido suka yi suna cije baki ba, dabara suka yi, wani ya rufe ido, wani ya juya baya, wani ya kama waƙa. Daga baya Celeste Kidd a Jami'ar Rochester ta ƙara wani abu. Kafin gwajin, wasu yaran an yi musu alkawarin kayan zane an cika, wasu an saɓa. Waɗanda aka cika wa sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kimanin minti 3. Yaro yana iya jira idan ya san maganar babba ba ta tashi. Don haka ki rage barazana, ki faɗi kaɗan ki cika. A kan dukan satin jiya kuma, ki kira shi ki ce ɓarnar da ya yi laifi ce, amma ke ma kin wuce gona da iri, ya yi haƙuri. Wasu za su ce uwa ba ta ba ɗa haƙuri. Ni na ga iyayen da suka yi, girmansu bai ragu ba.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ma'aikacin banki ne, aiki ya yi min yawa, kaina kullum cike da tunani, barci sai an yi da gaske. Wani abokina likita ya ce in riƙa zama ina rufe ido ina bin numfashina minti goma, har ya turo min manhaja. Na fara jin daɗinsa, sai wani yayana ya ce ibadar mabiya addinin Buddha ce aka sauya wa riga, in kiyayi imanina. Yanzu na tsaya cak. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma yana magani da gaske?
Wani ma'aikaci, Kano

Amsa: Malam, yayanka bai yi ƙarya a kan asali ba. Tsarin da asibitoci da manhajoji suke amfani da shi a yau ya fito ne daga hannun Jon Kabat-Zinn, wanda ya buɗe sashen rage damuwa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Masachusets a Amurka a 1979. Ya koyi zaman tattara hankali a wurin malaman addinin Buddha, sannan ya cire aƙida da addu'o'in, ya bar atisayen, ya mayar da shi darasin mako takwas domin marasa lafiyar da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Abin da ya rage a ciki shi ne lura da numfashi, bin sassan jiki ɗaya bayan ɗaya, miƙe gaɓoɓi, da kallon tunani yana zuwa yana wucewa ba tare da an bi shi ba.

Ni ba mai fatawa ba ce, hukunci na malamai ne, kuma in za ka tambaye su ka kwatanta musu ainihin abin da kake yi dalla-dalla, kada ka tsaya ga sunan. Abin da zan iya cewa shi ne ka saurari manhajar da kunnen basira. Idan ana sa ka maimaita wasu kalmomin da ba ka san ma'anarsu ba, ko ana cusa maka wata aƙida game da rai da halitta, ka bar ta. Idan kuwa ba abin da ake cewa sai ka lura da iskar da ke shiga hancinka, ni ban ga wanda ake bauta wa a nan ba.

Kuma ba sai ka je nesa ba. Malamanmu sun daɗe suna magana a kan muraƙaba, wato mutum ya riƙa tsaron zuciyarsa yana sane Allah yana ganinsa, da muhasaba, wato yi wa kai hisabi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware musu babi guda. Kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu lafiya tun yana cikin natsuwa domin ranar da hankali zai tashi. Mai sallar da ya farga hankalinsa ya tafi ofis a raka'a ta biyu, ya dawo da shi kan abin da yake karantawa, ya san wannan aikin. Kada dai a ɗauka manufar ɗaya ce: sallah ibada ce, wancan atisayen lafiya ne, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Batun ko yana magani, yana yi, amma ba kamar yadda masu talla suke kururutawa ba. A 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47, suka ga yana rage fargaba, baƙin ciki da raɗaɗin ciwo daidai gwargwado, ba su kuma ga hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba. Inda ya fi nuna ƙarfi shi ne hana ciwon damuwa dawowa. A Ingila a 2015, cikin mutum 424 da ciwon ya sha kamawa, kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka yi horon ne ciwon ya dawo musu a shekara biyu, waɗanda suka ci gaba da shan magani kuma kashi 47. Kusan kunnen doki ke nan. Amma da aka kai shi makarantun Birtaniya sama da 80, aka koyar da shi a aji, sakamakon da ya fito a 2022 daga yara sama da 8,000 ya nuna bai fi darasin da aka saba ba, yawancin yaran ma ba su yi atisayen a gida ba. Abin yana yi wa wanda ya so shi ya kuma lizimce shi. Wanda kuma ya taɓa shiga tashin hankali mai tsanani, kamar harin 'yan bindiga ko mummunan haɗari, zaman shiru da rufe ido yana iya taso masa da abin da ya gani. Irin wannan ya buɗe idonsa, ya gajarta zaman, ya nemi ƙwararre.

Kai dai tunda ka ji daɗinsa, ga kuma abin da na faɗa, shawara ta rage gare ka. Sai dai minti goma ba za su biya bashin barcin wanda yake barin ofis bayan Isha'i yana kuma amsa saƙon aiki a kan gado ba.

Tambaya: Anti ina wuni. Ina shirin rubuta JAMB karo na biyu. Da na buɗe littafi, minti goma sai hannuna ya kai kan waya, kafin in ankara awa biyu ta tafi a TikTok. Na sauke wasannin da aka ce suna ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, ina yi kullum, makina sai hawa yake. Za su taimaka min?
Ɗalibi, Bauchi

Amsa: Ɗana, goge su. Makinka yana hawa ne saboda ka ƙware a wasan, iyakarta ke nan. A 2010 Adrian Owen da abokan aikinsa, tare da BBC, sun sa mutum 11,430 yin irin waɗannan atisayen har mako shida. Kowa ya ƙware a abin da ya maimaita, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan ƙwaƙwalwa ba. A 2016 kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhume shi da tallan da ba shi da hujja. Ga shi kuma wasannin a cikin wayar suke, wato maganin naka yana mayar da kai wurin cutar.

Kana zaton masu karatu sun fi ka ƙarfin zuciya ne. A birnin Wurzburg na Jamus an bi mutum 205 har mako guda ana tambayarsu sau da yawa a rana ko suna fama da wata sha'awa a lokacin. Waɗanda aka sani da kamun kai sai aka tarar ba su cika shiga kokawa da zuciya ba, domin sun tsara rayuwarsu yadda ba sa yawan haɗuwa da abin da zai ja su. To ka miƙa wa mahaifiyarka wayar bayan sallar Asuba, kada ta dawo hannunka sai Azahar. Ka yi karatu minti 25, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo. Duk lokacin da ka ji hannunka yana neman aljihu, ka yi ɗan layi a gefen takarda ka ci gaba, ƙaiƙayin yana lafawa da kansa in ba a sosa ba.

Horon ƙwaƙwalwar da zai amfane ka shi ne rufe littafi ka tambayi kanka. Bincike ya daɗe da tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi maimaita karanta shi zaunar da shi. Ka tuna makarantar allo: ba a wanke allo sai an biya da ka. Ka nemi tambayoyin shekarun baya ka riƙa amsawa da agogo a gabanka.

Tambaya: Anti, ni tawa matsalar akasin ta mutane ce. Shekarata goma sha ɗaya da aure, gida ɗaya muke da uwar mijina da ƙannensa. Ko me aka yi min ba na tankawa, har misali ake bayarwa da ni a dangi, wai damo sarkin haƙuri. Amma abin da ke cikina ni kaɗai na sani. Dare ya yi ba na barci, ina ta juya maganganun da aka yaɓa min, ƙirjina yana min nauyi, kaina yana ciwo, abinci ya fita a raina. Ƙawata ta ce in daina cutar kaina, in buɗe baki in wanke su tas ko na huce. Mahaifiyata ta ce haƙuri dai, aure ibada ne. Wa zan bi?
Wata baiwar Allah, Sakkwato

Amsa: 'Yar'uwata, wasiƙarki ta fi sauran tsaya min a rai, domin irinku ba a kawo ƙararku, yabonku ake yi har ranar da za a kwashe ku zuwa asibiti. Ƙawarki da mahaifiyarki duk suna ƙaunarki, amma ba zan ce ki bi ɗaya daga cikinsu yadda ta faɗa ba.

James Gross na Jami'ar Stanford ya nuna wa mutane fim mai tayar da tsigar jiki, na aikin yanke hannu. Wasu ya ce su ɓoye abin da suke ji yadda mai kallonsu ba zai gane ba, wasu ya ce su kalli abin da idon mai nazari. A sakamakon da ya wallafa a 1998, masu ɓoyewa fuskarsu ta yi shiru, amma abin da suke ji bai ragu ba, jikinsu ma ƙara tashi ya yi. Waɗanda suka sauya yadda suke kallon abin su ne suka samu sauƙi na gaske. A wani gwajin na 2003 an haɗa mata biyu-biyu suna hira bayan sun kalli fim mai tayar da hankali, aka umarci wasu su danne abin da ke ransu, sai ga shi har jinin abokan hirarsu yana hawa. Adalci ne in ƙara da cewa binciken baya ya nuna illar dannewa tana raguwa a wurin mutanen da al'adarsu take girmama kawaici, kuma ni ba na raina kawaicinmu, ya raya gidaje da yawa. Amma kawaicin da ya hana ki barci da abinci ya wuce inda aka ajiye shi.

Shawarar ƙawarki ma ba ta tsira ba. Brad Bushman ya sa an fusata ɗalibai 600 ta hanyar kushe rubutunsu, sannan wasu aka ba su buhun dambe su daka suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu aka ce su zauna shiru minti biyu. Masu dukan buhun sun fi fita da fushi. A 2024 shi da abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154, sakamakon ya nuna abin da ke kwantar da jiki ne yake rage fushi, abin da ke ƙara zafafa shi ba ya ragewa. Ranar da kika wanke su tas, za ki ji sanyi na awa ɗaya, sannan a manta shekara goma sha ɗaya a riƙe wannan ranar.

Mahaifiyarki ta yi gaskiya da ta ce haƙuri, sai dai a duba wane iri. Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi a aya ta 134 ta Suratu Ali Imrana, wato waɗanda ba sa barin fushi ya ja su ga zalunci. Bai ce su musa cewa an cuce su ba. Annabi Yakubu (AS), wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, shi ne ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya kuma ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta je ta kai ƙarar mijinta, aka saukar da ayoyi a kanta. Ba wanda ya ce su marasa haƙuri ne.

Ki fara da daren, tunda shi ya fi cin ki. Juya magana a zuci yana kama da neman mafita, amma ba ya kai wa ga komai sai ƙarin ciwo. Ki ware minti 15 bayan La'asar, ki rubuta abin da ya ɓata miki rai da abin da kika ji, a takardar da za ki iya yagawa. Idan tunanin ya zo da dare, ki ce a zuci: ga juyin nan ya dawo, lokacinsa gobe da La'asar. Sannan ki mayar da hankali kan numfashinki ko tasbihinki. Zai dawo, ki sake mayarwa. A cikin rubutun ki riƙa tambayar kanki ko akwai wata fassarar. Tsohuwar da take kushe miyarki wataƙila tsoron ɗanta ya daina buƙatarta ne yake magana. Wannan ba ya wanke ta, amma yana rage wa maganar dafi. Wasu abubuwan kuwa ko ta ina kika juya su zalunci ne, waɗannan ba sauya tunani suke buƙata ba, magana suke buƙata.

Maganar da mijinki za ki yi ta, ba da ƙannensa ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, kuna ku biyu. Ki ɗauki abu guda ɗaya, kada ki kwance buhun shekara goma sha ɗaya a dare ɗaya. Ki faɗi abin da ya faru, yadda ya taɓa ki, da abin da kike roƙo a fili, misali a raba muku tukunya, ko ya hana ƙannensa shiga ɗakinki ba sallama. Muryarki za ta yi rawa tunda ba ki saba ba, ki ci gaba a hakan. Idan bai saurara ba, ki nemi wani babba mai adalci a danginki ko nasa. Ba ki ce ana dukanki ba, amma in ana yi, ko barazana, to wannan ya fita daga batun numfashi da rubutu, waliyyanki su sani yau.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi gaggawa. Rashin barci, fitar abinci daga rai da nauyin ƙirji, idan sun wuce mako biyu, likita ya kamata ya gani. Ki je a auna jininki cikin satin nan. Idan kina jin komai ya daina yi miki daɗi, ko tunanin gara mutuwa yana zuwar miki, ki faɗa ba tare da kunya ba, ciwon damuwa ciwo ne mai magani. Kuna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Idan kin shiga wurin likita kada ki tsaya a ciwon kai kawai, ki gaya masa batun barcin da abincin da tunanin dare kamar yadda kika rubuto min.